Turancin jarrabawar neman aiki ya kayar da ni sau biyu, ta ina zan fara gyara?

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki ko masu koyarwa, don abin nan ya fara hana ni barci. Na gama babbar difloma a fannin lantarki, na yi bautar ƙasa, yau shekara biyu kenan ina bin wani maigidana muna haɗa sola da wayarin na gidaje, alhamdulillahi ana samun na cefane amma kun san ba kamar albashi ba, wani watan a samu wani watan shiru. Sau biyu ana kira na jarrabawar ɗaukar aiki irin ta kwamfuta ɗin nan, kuma duka biyun ko matakin intabiyu ban kai ba.

Ta ƙarshen ita ta fi yi min ciwo. Tambaya 60 ce a minti 45, an kasa ta uku, turanci, lissafi, sai sanin al'amuran yau da kullum da aka cakuɗa da na kasuwanci da na ofis. Na shiga da ƙwarin gwiwata don na zaci abin da na karanta za a tambaye ni, taransifoma da janareto da makamantansu, sai kawai ga wani dogon rubutu a kan wani kamfani da ya ci bashin banki ya kasa biya, da tambayoyi biyar a ƙarƙashinsa. Wallahi sau uku na karanta shi. Kusan kowace kalma na santa in ita kaɗai ce, amma da aka jera su sai zancen ya kuɓuce min. Akwai inda aka rubuta "outstanding", ni abin da na sani tun sakandare shi ne wanda ya yi zarra, kamar ɗalibin da ya fi kowa a aji, ashe a wurin ragowar bashin da ba a biya ba ake nufi, sai da na dawo gida na duba na gane. Kafin in ɗago kai agogon da ke saman allon ya nuna saura minti 19, ni kuma ina tambaya ta 14. Tafin hannuna duk ya jiƙe da gumi, na kusa da ni har ya gama ya miƙe, sauran dai canki-canka na yi musu na fito.

Abin da ya fi damuna shi ne aikin na iya shi. Ka ba ni gida mai ɗaki shida in yi maka lissafin fanel da batir da inbata a tsaye, amma a ce in zaɓi jimlar da ta dace a wasiƙar ofis sai kaina ya ɗau zafi. Yanzu na sake cike wani fom, an ce nan da kamar wata biyu za a kira. Tsofaffin tambayoyin da ake sayarwa zan saya in haddace, ko lesin zan shiga, ko akwai wata hanya da mutum zai bi da kansa a gida? Kuɗina ba su da yawa, kuma sai bayan magariba nake samun kaina. Na gode, Allah Ya saka da alheri.

Mai Jiran Rabo ya rubuta:

Ɗan uwa ni dai gaskiya zan faɗa maka ko da ba daɗi, shekarata biyar ina rubuta irin waɗannan jarrabawowin, akwai wadda na fito na tabbata na ci amma har yau ko saƙo ban gani ba, sai daga baya kaji wane ya samu wane ya samu kuma ka san ko zuwa basu yi ba. In baka da hanya abin da wuya. Amma tunda ka riga ka cike ka nemi tsofaffin tambayoyin ka haddace, suna yawan maimaitawa, kada ka kashe kuɗinka a lesin. Kuma ka riƙe aikin solar nan da hannu biyu. Allah Ya ba mu mafita baki ɗaya.

Malamar Aji Uku ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Shekarata 17 ina koyar da turanci a sakandare, da yamma kuma ina yi wa masu shirin JAMB lesin, to wannan labarin naka na ji shi ya fi a ƙirga, kuma yawanci daga bakin yara masu ƙoƙari. Wanda ya iya duba zanen wayarin ya haɗa gida guda bai ƙona komai ba, kansa lafiya lau yake. Abin da ya same ka shi ne yadda aka koya mana turancin tun farko, kalma ɗaya ma'ana ɗaya, a haddace a juye a takarda a manta.

Ɗauki kalmar "ci" a Hausarmu. Mutum ya ci tuwo, ya ci jarrabawa, ya ci bashi, ya ci amana, kasuwa ta ci, wuta ta ci gida. In baƙo mai koyon Hausa ya haddace cewa ci na abinci ne kawai, ranar da aka ce masa kasuwar Wudil gobe take ci ai sai ya tsaya yana kallon mutane. To haka turancin yake, kuma masu shirya jarrabawar nan da gangan suke zaɓo irin waɗannan kalmomin. Kai a wurinka "current" abin da ke gudu a cikin waya ne, a banki sunan wani nau'in asusu ne, a jarida kuma abin da ake ciki yanzu. "Charge" a wurinka cajin batir, a banki kuɗin da aka cire maka, a kotu tuhuma. "Interest" sha'awa ce, kuma ita ce kuɗin ruwa. "Plant" shuka ce, amma a rahoton kamfani masana'anta da injinanta ake nufi. Don haka daga yau ka daina rubuta kalma ita kaɗai. Ka sayi littafin rubutu mai shafi 60, duk kalmar da ta ba ka wahala ka kwafo jimlar gaba ɗaya yadda ka same ta, ka ja layi a ƙarƙashin kalmar, ka rubuta ma'anarta da Hausa a gefe. Biyar a rana sun isa, kada ka yi zari.

A ina za ka samo jimlolin? Ga abin da nake sa ɗalibaina kuma yana aiki. Aminiya da Daily Trust gida ɗaya ne ke fitar da su, sau da yawa labari ɗaya za ka samu a duka biyun. Ka fara karanta na Hausar ka fahimci abin da ya faru, sannan ka buɗe na turancin, ka fi ba da ƙarfi a shafin kasuwanci da tattalin arziki tunda nan ne rauninka. Da yake ka riga ka san labarin, kanka ba zai tsaya kokawa da ma'ana ba, sai ya koma lura da yadda aka gina zancen. Haka za ka iya yi da BBC Hausa da shafinsu na turanci. Akwai kuma wani shiri na BBC na masu koyo mai suna 6 Minute English, minti shida ne kamar yadda sunan ya nuna, kuma suna sa rubutun abin da aka faɗa, ka saurara sau ɗaya ba ka duba ba, ka sake saurara kana bin rubutun da ido. Ba ya cin data sosai.

Abu na biyu, kuma wannan ya fi kashe mutane fiye da manyan kalmomi, shi ne ƙananan kalmomin da ido ke tsallakewa. "Not", "except", "unless", "least". Tambaya za ta ce duk waɗannan daidai ne BANDA ɗaya, kai kuma saboda sauri ka ga amsar farko daidai ce ka danna ka wuce, alhali wadda ba daidai ba ake nema. Ko bambancin "increased by" da "increased to", na farko abin da aka ƙara ne, na biyu inda aka kai. In buhu yana 50,000 aka ce "by 10,000" ya zama 60,000. Wannan kaɗai na ga ya ɓata wa yara lissafin da suka iya sarai.

Sai kuma wuraren da Hausarmu ke jan mu. Mu muna cewa na ari biro, ara mini biro, tushen kalmar ɗaya ne, shi ya sa za ka ji yaro ya ce "borrow me", alhali su sun raba, mai karɓa "borrow" mai bayarwa "lend". Mu da "a" guda ɗaya muke cewa a Kano, a ranar Litinin, a ƙarfe biyu, su kuma nan "in" can "on" can "at". Ba wata dokar da za ka haddace ta fishshe ka gaba ɗaya, yawan gani a rubuce ne ke zaunar da su. Ka kuma ware shafi guda don tagwayen kalmomi masu kama da juna, "advice" da "advise", "lose" da "loose", "principal" da "principle", "stationary" da "stationery", waɗannan kam ba a cika rasa ɗaya daga cikinsu ba.

Maganar lokaci kuwa, tambaya 60 a minti 45 daƙiƙa 45 kenan kowace tambaya. Kuskurenka shi ne da ka tsaya karanta dogon rubutun nan sau uku. In kwamfutar ta yarda a tsallake a dawo, ka fara kwashe masu sauƙi, in ka zo kan dogon rubutu ka fara karanta tambayoyin tukuna sannan ka shiga rubutun ka san abin da kake nema. Kuma a gida kada ka taɓa yin gwaji ba agogo, ka saita wayarka ta yi ƙara in lokaci ya cika, in ta yi ka ajiye biro ko ba ka gama ba. Makon farko za ka ji haushi, ka daure.

Ɗaya tak nake roƙonka, kada ka damu kanka da lafazi yanzu, wai ana mana dariya muna musanya p da f. Kwamfuta ba ta jin murya. In an kai intabiyu ma abin da ka faɗa ake aunawa, na ga mutane da yawa da harshensu bai karye ba suna riƙe da manyan ofisoshi.

Mai Gyaran Inbata ya rubuta:

Malama ta gama magana Allah Ya ƙara ilimi, ni dai zan ƙara ne ta ɓangaren sana'armu tunda layinmu ɗaya da mai tambaya. Abokina makarantar turancinka tana cikin kwalin da kake yagewa kullum ka jefar. Duk inbata da ka buɗe akwai ɗan littafin bayani a ciki, duk fanel akwai takarda manne a bayansa, nima da haka nake jefarwa har ranar da na haɗa wa wani Alhaji batir huɗu inbata ta dinga ƙara tana nuna wata lamba a fuskarta, na yi ta kiran mutane babu wanda ya sani, sai yaron gidan ɗan sakandare ya ɗauko littafin daga cikin shara ya buɗe shafin baya ya karanta min, ashe cewa take ƙarfin da ke shigowa daga fanel ya wuce abin da zata iya ɗauka, na jera su da yawa a layi ɗaya. Tun daga ranar nake karanta shafi biyu kullum kafin in kwanta, kuma da yake na san kayan a hannu turancin baya min wuya, in naga kalma nasan wace waya ake nufi. A nan na koyi "rated", "maximum", "ensure", "prior to", "void", wato abin da ke soke garanti, kuma duk irinsu ne suke fitowa a jarrabawa.

Na biyu ka karɓi aikin rubuta takardu daga hannun maigidanka, kace masa daga yau kai zaka dinga rubutawa. Takardu uku ne kuma a jere suke, mutane da yawa suna rikita su. "Quotation" ita ce ta farko, kafin a fara aiki, kana gaya wa mai gida ga abin da zai ci. "Invoice" takardar neman biya ce, ga abin da aka yi ko aka kawo, ga kuɗin da ake binka. Rasit kuma sai kuɗi sun shigo hannu. Na taɓa ganin wannan tambayar da idona a jarrabawar wani kamfani. In ka rubuta goma da hannunka ba mai sake ruɗa ka. Ka koyi saka harajin VAT a ciki, kashi 7.5 ne cikin ɗari tun 2020 da aka ɗaga shi daga kashi 5, misali aikin 200,000 harajinsa 15,000 jimla 215,000. Haka "gross" da "net", na farko kafin a cire komai na biyu abin da ya rage bayan an cire, ko a albashi ko a riba ko a nauyin kaya, ka duba jikin kwalin batir zaka ga an rubuta nauyi iri biyu, ɗaya da kwali ɗaya ba kwali.

Sannan kamfanoni suna son tambayar kiyaye haɗari. Wutar da ta tashi daga lantarki ba a kashe ta da ruwa, tukunyar kashe gobara ta iskar CO2 ko ta hoda ake amfani da ita, ka san PPE kayan kariya ne irinsu hular kwano da safar hannu da takalmi, ka san abin farko in wuta ta kama mutum shine ka kashe layin kafin ka taɓa shi. Duk ka san waɗannan a aikace, sunansu da turanci ne kawai zaka riƙe. In kana da inda zaka samu kwamfuta ko ta shagon buga takardu ce ka dinga zama awa ɗaya a sati kana taɓa Word da Excel, hannunka ya saba da linzamin, don wani lokacin ba tambayar ce ke firgita mutum ba zaman gaban na'urar ne.

Baba Mai Ritaya ya rubuta:

Salamu alaikum. Jikata ce ta nuna mini wannan tattaunawar, na ce bari in sa baki. Na yi shekara 35 a aikin gwamnati, na zauna jarrabawar ƙarin girma ba sau ɗaya ba, daga baya kuma na zauna a kwamitin da ke tantance wasu.

Ɗana Mai Jiran Rabo, ban ƙaryata ka ba, ana yin abin da ka faɗa kuma zalunci ne, Allah Ya isar muku. Amma na ga lokuta da dama da aka zo cike gurbin da dole sai wanda ya iya, musamman ɓangaren injiniya da akanta, aka koma kan takardar sakamako aka ɗauko na sama. Ranar da hakan za ta faru, a ce sunanka yana wurin. Haddar tsofaffin tambayoyi kuwa, a nan ne na saɓa da kai, ga dalilina.

Sanin al'amuran ƙasa iri biyu ne. Akwai wanda ba ya motsi, wannan ka haddace shi sau ɗaya ka huta. 'Yancin kai 1 ga Oktoba 1960, zama jamhuriya 1963, jihohi 36 da Abuja, ƙananan hukumomi 774, Kano ce mai mafi yawa da 44, sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360. An kafa Babban Banki da dokar 1958 ya fara aiki 1959, naira ta maye gurbin fam a 1973, a shekarar ce kuma aka kafa hukumar bautar ƙasa, ECOWAS a 1975 a Legas, aka mayar da babban birni Abuja a Disambar 1991. Waɗannan shafi biyu sun ɗauke su.

Akwai kuma mai motsi, shi ne tsofaffin littattafan nan za su yaudare ka a kansa. Littafin da aka buga shekara biyar baya zai ce maka mafi ƙarancin albashi 30,000 ne, alhali an mayar da shi 70,000 a 2024. Zai ba ka taken ƙasa wanda aka sauya a watan Mayun 2024 aka koma na farko. Zai ce maka ƙasashen ECOWAS 15 ne, alhali Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice a Janairun 2025. Sunayen ministoci da shugabannin hukumomi kuwa ba a magana. Ka haddace wannan ka shiga da shi, ka faɗi da hannunka kana murna ka ci. Ka yi amfani da tsofaffin tambayoyi don ka ga salon tambaya ka kuma auna saurinka, amma kowace amsa da ta shafi mutum ko kuɗi ko doka ka sake bincika ta. Maganinsa labarai kullum, na Hausa da asuba, na turanci da dare.

In aikin gwamnati ka nema, ka san matakan albashi daga 01 zuwa 17 ne, mai digiri yana shiga a mataki na 08, ritaya shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki duk wanda ya riga zuwa. Ƙarin girma daga mataki na 07 zuwa 14 duk shekara uku ne, daga 15 zuwa sama shekara huɗu. Fansho a ƙarƙashin dokar 2014, ma'aikaci yana ba da kashi 8, wanda ya ɗauke shi aiki kashi 10. Ka nemi littafin dokokin aikin gwamnati ka karanta babin ladabtarwa da na hutu, turancinsa ma kansa darasi ne.

Abu na ƙarshe, ka koyi rubuta gajeriyar wasiƙa. A zamaninmu in fayil ya zo tebur, layi uku za ka rubuta wa na sama da kai, ga matsalar, ga abin da doka ta ce, ga shawarata. Na ga masu manyan kalmomi da ake dawo musu da fayil a ce a sake, na ga wani magatakarda mai takardar sakandare da duk ofis ke kai wa rubutu ya duba, saboda in ya rubuta ba ka buƙatar tambayarsa me yake nufi. Duk aikin da ka yi yau, da dare ka rubuta rahotonsa da turanci a layi biyar, ina ka je, me ka tarar, me ka yi, me ya rage, nawa aka kashe. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka mai amfani.

Ɗan Maraɗi ya rubuta:

Sannunku da aiki. Ni daga Nijar nike, faransanci na yi a lakwal, amma kasuwanci ya sa dole na koyi turancin Ingilishi da girmana, don muna ɗaukar kaya tsakanin Maraɗi da Kano ta Jibiya, kuma takardun wancan gefen duka da shi a ke rubuta su. Ina son in ƙarfafa ma mai tambaya gwiwa, kai da ka yi shekaru kana jin shi a aji ka fi ni nisa ƙwarai, ni da shekara 30 na fara.

Abin da malama ta faɗi na kalma mai fuska biyu mu ya fi cin mu, don akwai kalmomin da su ka yi kama a harsunan biyu amma ma'ana ta bambanta. A faransanci "délai" wa'adi ne, lokacin da a ka ba ka ka kawo kaya, a Ingilishi "delay" jinkiri ne. Na taɓa rubuta ma wani mai saye cewa ina son "delay" na kwana goma, ni wa'adi ni ke nufi, shi ko ya ɗauka ce mai na yi kayan za su makara, sai da mu ka yi waya da Hausa a ka warware. Lambobi ma haka, mu waƙafi mu ke sa ma ɓangaren da bai cika ɗaya ba, ku ɗigo ku ke sawa, waƙafin kuma ku raba dubbai da shi, to in ba ka lura ba sai ka karanta kuɗi ba daidai ba, kuma a kasuwanci wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yanzu ma tun 2025 dokar ƙasarmu ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da faransanci harsunan aiki, don haka matasanmu ma wannan karatun yana gabansu.

Yadda na koya, mu huɗu ne mu ka buɗe guruf a WhatsApp, kowa ya kawo tambaya biyar kowace rana daga takardun da ya ci karo da su, wanda bai kawo ba ya sa ma sauran kati. Mun yi wata takwas a haka. Ka nemi abokai ko biyu ne masu shirin jarrabawa irin taka, mutum shi kaɗai saurin gajiya ya ke.

Mai Jiran Rabo ya rubuta:

Baba na gode, kuma na karɓi gyara. Yanzu na ɗauko littafin da nake haddacewa na duba, wallahi 30,000 ɗin ce a ciki kuma ƙasashe 15. Ɗan Tudun Wada in zaku buɗe guruf ɗin a sa da ni.

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Jama'a ban san da bakin da zan gode muku ba, Allah Ya biya ku. Baba Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Malama Allah Ya albarkaci zuri'a. Na bari sai da na gwada kwana shida kafin in dawo in faɗi yadda ake ciki.

Na sayi littafin rubutun, yanzu jimla 30 ke ciki. Na yi wa maigidana maganar takardu ya ce dama sun ishe shi, jiya na rubuta ta farko ta wani aikin fanel takwas a Hotoro, sau uku ina sakewa kafin ta yi kyau, kuma a nan na gane ban san yadda ake rubuta cewa farashin na kwana bakwai ne kawai ba, sai da na duba wata tsohuwar takarda da wani dila ya taɓa ba mu na ga sun sa "valid for", na kwafe ta a littafin. Gwaji da agogo kuwa na yi sau biyu, na farko tambaya 20 a minti 15 na kai ta 11 na ci 7, na biyu na kai ta 16 na ci 10, kuma uku daga waɗanda na faɗi duk "except" ce ban gani ba, daidai yadda Malama ta ce. Rahoton layi biyar ɗin ne dai har yanzu yake ba ni wuya, ina fara rubutawa sai in ga da Hausa nake tunani ina juyawa kalma bayan kalma, kuma ba ni da wanda zai duba min ya ce nan ne kuskure.

Malama dan Allah in ba takura, in na dinga turo rahoton nan ko sau biyu a sati za ki iya duba min? Ko gyara ɗaya kika yi a kowanne ya wadatar. Mai Jiran Rabo na tura maka saƙo, mun zama mu uku da wani abokina da ya karanta akanta, mun sa ƙarfe tara na dare bayan isha'i.

Malamar Aji Uku ta rubuta:

Turo su ƙanena, Talata da Asabar na fi samun sarari. Ka rubuta gajerun jimloli, kowace jimla aiki ɗaya, kuma tunda aikin an riga an yi shi duk ka sa su a lokacin da ya wuce. Kada ka goge kuskurenka kafin ka turo, shi nake son gani.